Zobe a Cikin Gishiri

Ɗalibai sun watse daga ajin darasin yamma a Kurmin Mashi. Malama Juwairiyya tana tattara siffofin ƙwayoyin zarra da ta mulmula da yumɓu, sai Sharhabil, saurayinta da aka sa musu rana, ya banko ƙofa.

"Sau nawa zan ce ki bar koyarwar nan kafin biki? Kin zauna kina wasa da laka!"

"Ba wasa ba ne." Ta ɗaga ƙwallo biyu. "Wannan sodiyam ne, wannan kuma kulorin. Sodiyam ilektiron ɗinsa ɗaya, wato ƙwayar lantarki, yake ba kulorin, sai kowanne ya ɗauki caji akasin na ɗan'uwansa, su manne su zama gishiri."

"To ki zama sodiyam mana! Ki sadaukar, mu manne."

Ya share teburin da hannu ɗaya. Yumɓu ya tarwatse, kwalbar gishiri ta fashe, gilashi ya tsaga mata yatsa. Ya damƙi wuyan hannunta ya murɗe har ƙashi ya amsa.

Ta kafe shi da ido, ko ƙiftawa ba ta yi ba. Shi ya fara sunkuyar da kai, ya sake ta.

Ta zare zoben da ya ba ta, wanda jini ya ɓata, ta ajiye cikin gishirin da ya zube.

"Darasin bai ƙare ba, Sharhabil. Da gishiri ya taɓa ruwa, sodiyam da kulorin rabuwa suke yi. Kai kuwa tun ba a ɗaura ba ka kwararo ruwan. Ɗauki abinka ka fita."