Mutanen Jikin Bango

Baba Mai Hoto yana kwance murfin bayan tsohuwar kyamararsa da sukurdireba, wani baƙo kuma yana zaune a kan benci, bayan ya miƙo masa abin da ya kawo.

Nagatif ne, fim ɗin da ake wanke hoto daga jikinsa, babba, faɗinsa ya kai tafin hannu biyu. Baƙon, wani dogon dattijo mai ɗingishi, ya ce ya zaga shaguna da yawa, kowa sai ya ce injinsa ba ya ɗaukar mai wannan girman. Yana so a faɗaɗa masa shi, har a ga fuskoki.

"Ka zo gidan sauƙi, Malam," in ji Baba. "Abin da ya gagari yaran zamani, tsohuwar amaryata za ta yi."

Amaryar ita ce kyamarar. Ta katako ce, mai ƙafa uku, cikinta yana naɗewa kamar zugazugin maƙera. Ta daɗe a kusurwar shago da baƙin ƙyallenta a kai, masu zuwa hoton fasfo suna jingina mata lema. Duk unguwar an san Baba da barkwanci. Yaro mai kuka ma sai ya yi dariya a gabansa.

Dabarar mai sauƙi ce. Kyamara haske take haɗiyewa, to yau za a sa ta amayar da shi. Baba ya cire gilashin baya, ya samo gwangwanin biskit ya huda, ya saka ƙwan lantarki a ciki, ya liƙa shi a bayanta da baƙin salatif. Da ya zura nagatif ɗin a gurbinsa, sai ya shige sumul, ko gyara bai nema ba.

Baƙon ya ɗan matso.

"Taka ce tun asali, Baba?"

"A gwanjo na saya," ya ce, bai ɗago ba.

Matarsa ta leƙo ta ƙofar da ta haɗa shagon da cikin gida, ta ce abincin rana zai huce. Ya ce ta rufe masa, yanzu zai shigo. Ta dubi baƙon, ta gaishe shi. Ya amsa da ladabi, har ya tambayi yara.

Suka ja kyamarar zuwa ɗakin wanke hoto. Ɗan ƙaramin ɗaki ne, ba taga, sai warin magani da jan ƙwan lantarki guda a sama. Ba a saba shigar da kowa ba, amma baƙon ya ce yana so ya gani da idonsa. Shi ya ja ƙofar, ya sa sakata.

"Kar haske ya ɓata maka aiki," ya ce.

Baba ya kunna ƙwan cikin gwangwani. Wani farin hazo ya faɗa jikin bango. Ya ja kyamarar baya, ya murɗa, ya sake murɗawa, hazon ya fara zama mutane. A nagatif komai a juye yake: fuskoki fari fat, idanu kamar ramuka. Maza ne a jere gaban wata katanga, kafaɗa da kafaɗa, hannuwansu a baya.

"'Yan ƙwallo ne?" Baba ya yi dariya, dariyar ba ta yi nisa ba.

"Abokan aiki ne."

"Suna nan?"

"Ƙara girmansa."

Ya ƙara. Ƙafafun kyamarar suka yi ƙara a kan siminti. Yanzu mutanen sun kai rabin bango. Babu mai takalmi a cikinsu. Rigar na tsakiya a yage take daga wuya. Na ƙarshe a layin matashi ne dogo, shi kaɗai yake kallon kyamara kai tsaye.

Baba ya share gumi da gefen hannu. Ya ce ƙwan yana zafi, nagatif zai iya lanƙwashewa, gara a bari sai gobe. Baƙon ya ce ba shi da gobe a garin nan. Yana tsaye tsakanin Baba da ƙofa, numfashinsa a hankali, hannunsa ɗaya cikin aljihu.

Babu yadda za a yi. Baba ya rufe idon kyamarar da murfi, ya ciro babbar takardar hoto, ya kafe ta a bango da ƙusoshi. Ɗaya ta faɗi, ya laluba bai same ta ba. A irin wannan aiki, ko taku ɗaya aka yi ƙasa ta girgiza, hoto ya lalace. Ya kama murfin, bakinsa ya riga tunaninsa, ya faɗi abin da ya saba faɗa duk rayuwarsa.

"To, kar a motsa. Ko ƙuda ne ya sauka, a bar shi ya sha iska."

Ya buɗe. Hasken ya kwanta a kan takarda. Daga cikin gida ana jin matarsa tana kwashe kwanoni.

Baƙon bai kalli bangon ba ko sau ɗaya. Ya miƙa hannu ya kashe jan ƙwan.

"Fuskokin nan na san su, ba su na zo nema ba," ya ce a hankali. "Taka ce ban gani ba, don ranar kanka yana cikin baƙin ƙyalle. Amma ni ne na ƙarshe a layin, wanda harsashi ya samu a ƙafa kawai, kuma haka ka faɗa mana muna ɗaure, kafin ka juya ga masu bindiga ka ce, 'Na gama nawa, saura naku.'"