Taswirar Kakan Shugaba

Da injiniyar ta shimfiɗa tsohuwar taswirar a kan teburin falonsa, sai shugaban ƙungiyar neman a dawo da jirgin ƙasa ya gyara zama, ya bi maƙwabta da kallo. Shekara da shekaru yana cika musu kunne cewa ƙauyen nan ya taɓa yin tasha, suna yi masa dariya. Yau ga shaida, shi da kansa ya tono ta daga akwatin kakansa.

"Gaskiyarka, Baba," in ji injiniyar. "Ga gonaki, ga tashar. Kuma a kan tsohon layin za mu sake shimfiɗa dogo."

"Kun ji ko? Nuna wa masu gardama inda zai bi, 'yata."

Yatsarta ta bi baƙin layin, ta ƙetare rafi, ta tsaya. Ta ɗaga kai ta dubi bangon falon.

"Baba, ba ka taɓa mamakin yadda tudun gidan nan ya miƙe sak ba? Ai cikon dogo ne. Ta nan zai bi."

Tudun da yake alfahari da shi duk damina, ruwa na cin gidajen mutane, nasa ko damshi! Ya ƙura wa baƙin layin ido.

Matarsa ta ajiye masa kofin ruwa a hankali.

"Barka da nasara, maigida. Tambaye ta lokacin wucewarsa, in riƙa ɗage masa labule."