Awa Ɗaya Zuwa Tamale

Ina ɗan shekara tara, wata rana bayan azahar, ina zaune kusa da kakata a tsakar gidanmu a unguwar Maamobi ta Accra tana tsince waken da za ta dafa. Sai ga Kawu, ɗanta na biyu, da takarda a hannu.

"Mma, na saya miki tikitin jirgin sama. Jibi za ki Tamale ki ga yayarki."

Shekara goma ke nan rabonsu da juna, don bayan Kaka ba ya jure mota. Ta kalle shi ta ce, "Kwana nawa a hanya?"

"Awa ɗaya, Mma."

"Kai, Sani, ji tsoron Allah! Ni da na kwana biyu a bayan lori kafin in ga Accra?"

Kawu ya rantse, amma ba ta yarda ba. Ta ɗora waken a wuta, ta ɗaura mini agogonsa a hannu. "Mai gidana, kai ne alƙali. In awa ta cika, ka faɗa."

Na zuba wa agogon ido, ko fitsari na ƙi zuwa. Da lokaci ya cika na yi ihu. Ta ɗebo ƙwaya ɗaya ta latsa, ta ji ta da tauri.

"Ashe zan rungumi Yaya wake bai nuna ba!"

Ta miƙe tana rawa da ludayi, tana dariya, hawaye na zuba. Na sha hawa jirgi tun daga nan, amma ban taɓa jin daɗin tafiya kamar wannan da muka yi a bakin murhu ba.