Kabarin Baba Hendrik

Gawar Baba Hendrik na kwance a asibitin Chintheche da ke bakin tafki, mai gari Mphande kuwa ya ce makabartar ƙauyensu ba masaukin baƙi ba ce. In ba a samu mai karɓa ba, hukuma za ta tura shi ramin marasa gata.

NyaLongwe ta ɗaura zaninta ta nufi gindin mangwaron da dattawa ke zama. Ita ta ba Baturen ɗakin bayan gidanta, ya biya hayar shekaru a dunƙule. Ya ce ɗan abin da ya tara a Holan ko shayi ba zai saya masa a can ba, amma a bakin tafkin nan zai ishe shi.

Da farko ba ruwansa da kowa. Ya sayi kifi, ya rufe ƙofa, ya ci abinsa. Daga baya ne, in ji mutane, Allah ya taɓa zuciyarsa. Ba a yin rasuwa ba a gan shi ba. Ko a ƙauyen bayan dutse ne, da ƙafa yake zuwa, har ya rame don zirga-zirga. Bai iya waƙar coci ba, sai ya zauna can baya wajen mata masu girki, kansa a sunkuye. Da an ce wani ba shi da lafiya, shi ne farkon mai tambayar yaya jiki, kullum.

"Baba mai gari," in ji NyaLongwe, "da ƙanwarka ta rasu, wa ya riga kowa zuwa?"

"Shi ne."

"Wa ya ƙi tafiya sai da aka naɗe tabarmi?"

Wani dattijo ya ce, "Wannan gaskiya ne. Surukina ma tun washegari ya sulale, wai akuyarsa za ta haihu."

Mai gari ya sosa ƙeya. Nasara kam Nasara ne, amma wanda ya binne mutanenka ba ka barin hukuma ta jefar da shi. Ya ba da wuri kusa da ƙanwar tasa, ya ce a sanar da masu haƙa.

NyaLongwe ta koma gida tana hawayen daɗi. A ƙauyen, da tukunyar mamaci da garin tuwonsa ake fara girkin makoki, don haka ta tura ƙofar kicin ɗinsa, wanda ba ta taɓa leƙawa ba.

Murhu ba toka. Buhun garin rogo a ninke yake tsaf a kan kantar kicin ɗin. Ta ɗaga murfin tukunya, ta tarar zanzaro ya gina gida a ciki, ya yi 'ya'ya, har sun tashi sun bar shi.

Ta daɗe a tsaye da murfin a hannu kafin ta gane. Guzurin Baba Hendrik ya ƙare tun tuni, tuwon makoki ne kaɗai abincinsa.