Tayil Dubu da Tara

Mai tayil ya yi jifa da igiyar awo, ta daki bango ta dawo. Ya sake jera sahu, tayil ɗaya ya sake ragowa.

Aikin da ya ɗauka na yini guda ne. Malama, tsohuwar mai koyar da lissafi da ta yi ritaya, tana son a shimfiɗe tsakar gidanta da tayil ɗin da marigayi mijinta ya saya ya bari a jibge. Sharaɗinta kuwa: sahu-sahu daidai wa daida, ba yanka, ba ragi, ba ƙari. Guda dubu da tara ne, ta ce kowanne sai ya shiga ƙasa.

Shi kuma da bakinsa ya rantse mata ba zai bar garin ba sai ya gama. Ga kamfanin da ya ɗauke shi aiki a wata ƙasa yana ta bugo waya: in bai zo ba, a ba wani.

Ya gwada sahun sha biyu, ɗaya ya rage. Ya gwada sha takwas, ashirin da huɗu, talatin da shida, kullum shegen ɗayan nan na zaune a gefe yana kallonsa. Da ya koma sahun goma sai tara suka yi masa tsaye. Ransa ya ɓaci matuƙa. Da wata ce, da tuni ya wanke ta tas ya kwashe kayansa. Amma Malama ko murya bai taɓa iya ɗaga mata ba.

Ya so ya fasa guda ya ce tsautsayi ne. Ina! Tana kan kujerarta a inuwa, ido ƙur, kamar mai tsaron jarrabawa.

Ranar da wayar ta zo cewa an ba wani gurbinsa, ya shiga kicin ya ɗebi ruwa ya sha. Ya fito ya tsaya a kanta.

"Malama, wannan zalunci ne! Wallahi ba ya yiwuwa!"

"Na sani," in ji ta. "Dubu da tara ba ta rabuwa sai da ɗaya ko da kanta. Ko shekara za ka yi, sai dai ka ja sahu guda har bakin titi."

"Kin sani? Kina kallo na rasa aikina?"

Ya suri tayil ɗin da ya rage zai rotsa shi da ƙasa. Sai ya tsaya. Wannan fes yake, ba ƙura, ba dattin ajiya irin na sauran.

Malama ta kau da kai.

"Ɗana, dubu da takwas babanka ya saya. Wannan ni na ƙaro, ran da ka ce min za ka tafi."