Bayan An Gama Rufi

Lauwali kafinta ya buga ƙusa ta ƙarshe, ya sauko daga tsani a hankali. Hadiyya na tsaye a gindin darbejiya da ƙwaryar fura a hannu. Shekara biyu ke nan da rasuwar mijinta, kuma tun da iskar farkon damina ta yaye mata kwanon ɗaki take zaune gidan maƙwabta, nan Tsamaye.

"An gama," in ji shi. "Amma gara ta ci katakon gabas. Baɗi sai an canza shi."

"Baɗi ba ni nan, Malam Lauwali. Kawu ya ce in koma wajensa Isa bayan kaka."

Ya karɓi furar, bai sha ba. Ya daɗe yana duban yatsansa da kwano ya yanka.

"Ke kina son tahiyar?"

Ta shiga murza bakin mayafinta.

"In kin yarje mani, za ni tahi Isa gobe in ga Kawu."

"Kan maganar katakon?"

"A'a."

Ta sunkuyar da kai, murmushi ya ƙwace mata.

"To ka yi sammako," ta ce. "Kawu ba ya daɗewa gida."