Tambarin Yatsa a Shafin Littafi

Ka ce samarin yanzu sun raba gari da karatu? To, bari in ba ka misali. A wani gari an yi ɗakin karatu mai kujeru sababbi da fanka har huɗu, amma in ban da ƙadangaru babu mai leƙa shi. Da hukuma ta gaji, sai ta ce in damina ta wuce a haka za a mai da shi ma'ajiyar taki. Mai kula da wurin wata dattijuwa ce, tsohuwar malamar firamare, kuma maganar ta hana ta sukuni. Daga tagarta tana hango garejin kanikawa, inda samari ke koyon gyaran mota. Ta lura da wani ɗan shekara goma sha biyar da kan zo bakin ƙofa, ya dubi littattafai, ya dubi hannunsa baƙi ƙirin da mai, ya juya. Ashe ba ƙin karatu ke korar su ba, kunya ce. Washegari ta ajiye buta da sabulu a bakin ƙofa, ta fito da fara'arta ta ce, "Ɗana, wanke ka shigo, nan ma gidanku ne." Ta zaɓo masa littafin labari mai ban dariya, ta ce ya tafi da shi.

Bayan kwana uku ya dawo yana ta ba da haƙuri, don yatsansa ya bar tambarin baƙin mai a tsakiyar shafi. Da wani ne, da ya tara masa jama'a. Ita kuwa, baiwar Allah, dariya ta yi har da ƙwalla, ta ce, "Shekara shida littafin nan yana jiran yatsa. Ina ka tsaya?" Yaro ya kwashe labari ya kai gareji, kafin wata biyu 'yan gareji sun jawo 'yan koyon ɗinki, su kuma sun jawo ƙannensu mata. Ranar da jami'in hukuma ya zo da kwaɗo zai rufe wurin, kujerar zama ma bai samu ba. Ya ɗauki littafi ɗaya, ya ga shafuka duk tambarin yatsu, ya mai da kwaɗonsa aljihu.

Kujerun nan fa tun farko suna nan. Gaskiyar Hausawa da suka ce shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma.